Rigar 'yan lokeshan a bakin ruwa: Ado ce ko kariya?

Kafin furodusa ya kwashi jama'ar sa zuwa dam ɗin Tiga ko magudanan ruwan Bunkure ɗaukar waƙa, akwai riguna iri biyu da ya kamata ya tanada. Ɗaya rububin ta a ke yi, ɗayar kuma sai an shiga kwalekwale a ke tunawa da ita.

Duk wanda ya daɗe ya na kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar. Jarumi ya na zaune a goshin kwalekwale, jaruma a ɗaya gefen ta na wasa da ruwa da yatsun ta, kiɗan fiyano na tashi, rana ta yi ja za ta faɗi. Minti uku ne ko huɗu a allo. Abin da mai kallo ba ya gani shi ne mutum goma sha ko ashirin da ke bayan kyamara: mai ɗaukar hoto da yaron sa, mai riƙe faifan haske, mai kwalliya, ɗan kwantiniti, 'yan walfiya, direbobi, sai kuma bawan Allah mai kwalekwalen da a ka yi haya. A 'yan shekarun nan, idan ka iske su a bakin ruwa, sau da yawa za ka gan su cikin riga iri ɗaya, da sunan kamfani a ƙirji, da sunan fim baro-baro a gadon baya.

A kan wannan rigar mu ke so mu yi magana. Wani zai ce, yanzu duk matsalolin da ke damun industiri a rasa abin rubutu sai tishat? To, a yi haƙuri a biyo mu. Akwai kuɗi a cikin ta, akwai mutunci, kuma idan aikin na kan ruwa ne har da rai.

Dalilin da ya sa a ke nufar kudancin Kano

Kano ba ta da teku, ba ta da babban kogi irin Kwara ko Binuwai. Ruwan da 'yan fim ke samu na shiga kwalekwale kusan duk na dam ne, kuma uban su shi ne Tiga, wanda a ka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Faɗin ruwan sa ya kai murabba'in kilomita 178, abin da ya ke iya riƙewa kuma ya doshi kubik mita biliyan 2. Ba don 'yan fim a ka yi shi ba, don manoma a ka yi. Daga nan ruwan ke gangarowa ta babban magudani, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin shirin noman rani na Kogin Kano wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Kashin farko na shirin an tsara shi ne ya shayar da kusan hekta 22,000.

To amma abin da ya yi wa manomi daɗi ya yi wa darakta. A tsakiyar watan Maris, lokacin da ko'ina a Kano ya bushe ƙamas, ka bi titin Zariya ka wuce Ƙarfi ka karya ta Bunkure, sai ka ga kore shar ido bai kai ƙarshen sa ba: alkama, albasa, tumatir, masara. Da damina kuma shinkafa. Furodusan da ba shi da kuɗin kai jama'ar sa Jos ko Kaduna, nan ne Jos ɗin sa. Ya ɗauki baiti biyu a kan gadar magudani, baiti ɗaya a tsakiyar gona, sannan a ƙarasa Tiga a shiga ruwa kafin magariba. Otal ɗin Rock Castle da ke kan dutse a Tiga da kuma tsohon otal ɗin Bagauda, wanda yanzu ya zama makarantar horar da lauyoyi, duk wurare ne da 'yan Kano su ka sani na shaƙatawa tun kafin a fara fim ɗin bidiyo da Turmin Danya a 1990. Ko ƙauyen fim ɗin nan da Gwamnatin Tarayya ta so ginawa a 2016, a ka soke shi bayan malamai sun yi ca, a Ƙofa a ka so yin sa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, wato dai wannan yankin.

Ita kuwa waƙar kwalekwale, ba sai an ɓoye ba, gado ce daga Indiya. Iyayen mu da su ka kalli Kashmir Ki Kali na 1964, inda Shammi Kapoor ke tsalle-tsalle a jirgi a kan tafkin Dal, su za su ba ka labari.

Daga jirgin soja zuwa allon sinima

Wani abin mamaki shi ne ita kan ta tishat ɗin daga jirgin ruwa ta fito, kuma 'yan fim ne su ka fito da ita fili. Wajen 1913 rundunar sojan ruwan Amurka ta fara raba wa matuƙan ta farar riga mai gajeren hannu marar maɓalli, a matsayin 'yar ciki. Shekaru da dama ba mai mutuncin da zai fita titi da ita haka nan, kamar dai yadda ba za ka je ɗaurin aure da singileti ba. Sai da Marlon Brando ya fito da ita a fim ɗin A Streetcar Named Desire a 1951, James Dean ya biyo baya a 1955, sannan samarin duniya su ka ɗauka. Kafin nan ma, tun a 1858 Faransa ta sa doka cewa sojan ruwan ta su riƙa sa riga mai ratsin fari da shuɗi, kuma a na cewa ratsin na taimakawa a hango wanda ya faɗa ruwa. A riƙe wannan maganar, za mu dawo kan ta.

A shagon mai buga riga

Mu fara da gargaɗi. Idan ka je Kura ka ce ka na neman mai bugu, ba wajen ɗan firintin za a kai ka ba. Za a kai ka ne bukkar da ƙarti ke zaune su na dukan turkuɗi da taɓarya a kan gungume har ya riƙa sheƙi kamar madubi. Wannan sana'a ce da garin ya yi suna a kai tun kaka da kakanni, har a na kiran yadin da ɗan Kura, Buzaye na zuwa daga Agadas da gaba da nan su na saye don rawani. Masu buga rubutu a riga kuwa a cikin birni za ka fi samun su, wajen Fagge da Sabon Gari da kewayen titin Gidan Zu, inda ofisoshin 'yan fim su ke.

Aikin ya na farawa ne da farar riga, wato wadda ba komai a jikin ta ko da baƙa ce. Yawanci daga Kantin Kwari a ke ɗauko ta dozin-dozin, kuma mafi yawa daga Chana ta ke zuwa, tunda masaƙun mu na Sharaɗa da Bompai da Challawa yawancin su sun daɗe da kwantawa. Nan ne wurin farko da a ke cutar furodusa, ko kuma shi ya cuci kan sa. Riga suna ta tara. Akwai mai kauri da za ta shekara biyu a na wanki, akwai shara-shara wadda wanki ɗaya wuyan ta zai saki ya koma kamar bakin buhu. Masu sana'ar da nauyin yadi su ke bambancewa, giram nawa ne a kowane murabba'in mita. Daga 160 zuwa 180 ita ce matsakaiciya mai kyau. Ƙasa da haka sosai, to ka sayi rigar kamfe, irin wadda 'yan siyasa ke watsawa daga kan mota.

Daga nan sai hanyar bugu. Tsohuwar hanya, kuma har gobe ita ce mai araha idan rigunan na da yawa, ita ce ta sikirin. Katako ne mai kusurwa huɗu a ke ɗaure wa wata raga mai ƙananan ido kamar rariyar tankaɗe. A shafe ragar da wani sinadari mai kaurin kunu wanda haske ke sandarar da shi, a bar shi ya bushe a cikin duhu. Sai a fitar da zanen a kan takarda mai shara-shara da baƙin tawada, a ɗora a kan ragar, a haska ta da fitila ko a fita da ita rana na ɗan lokaci. Duk inda haske ya taɓa sai ya ƙame, inda baƙin rubutu ya kare kuma ya na nan da taushi, da an watsa ruwa sai ya wanke ya bar ƙofa. Ta wannan ƙofar fenti ke bi ya sauka a riga idan a ka ja shi da roba mai faɗi. Kowace kala da nata sikirin ɗin. Shi ya sa idan furodusa ya zo da tambari mai kala biyar, mai shago zai dube shi ya yi murmushi, domin aiki biyar ya kawo masa. Kuma shi ya sa buga riga goma ya fi tsada a kan kowace ɗaya fiye da buga hamsin: wahalar haɗa sikirin ɗaya ce.

Bayan bugu sai gashi. Fentin roba da a ka fi amfani da shi ba ya kama yadi sai ya ji zafi wajen digiri 160. Idan a ka ɗauke wuta, mai shago na sauri, ya ɗan goga dutsen guga sama-sama ya miƙo maka, rigar za ta yi kyau a ido. Ranar da ta shiga ruwa ne za ka ga sunan fim ɗin ka na ɓarewa harafi-harafi. Gwajin ba wuya: ka ja wurin rubutun da hannu biyu. In ya tsage, bai gasu ba.

Hanya ta biyu ita ce ta fileks, wata leda mai kala da inji ke yankawa daidai da rubutu, a ɓare abin da ba a so, a manna da injin gashi. Ita ce ta dace da sa wa kowa sunan aikin sa a baya, wannan Darakta, wannan Kyamara, wannan Kwalliya, kamar yadda a ke sa wa 'yan ƙwallo lamba. A 'yan shekarun nan kuma wata ta shigo wadda a ke kira DTF, inda a ke buga hoto mai kowace irin kala a kan leda sannan a gasa shi a riga. Da ita har fostar fim sukutum za a iya ɗora maka. Sai dai a sani, hoto babba a gadon baya kamar ka manna wa mutum leda ne a jiki. Iska ba ta ratsawa. Wanda ya yini da kyamara a kafaɗa a ranar Afrilu a bakin dam zai gaya maka inda zufa ta taru.

Wadda ta fi dacewa da aikin ruwa ita ce wadda tawadar ke zama tururi ta shige cikin zaren da kan sa, irin ta jesin 'yan ƙwallo. Ba ta ɓarewa, ba ta tsagewa, hannu ma ba ya jin ta. Sharaɗin ta biyu ne: sai yadin roba, kuma sai fari ko mai haske. A nan ne a ke gardama. Auduga ta fi sanyi a jiki, kowa ya sani, amma idan ta jiƙe sai ta sha ruwa ta yi nauyi ta lafe a jiki, ta daɗe ba ta bushe ba. Da sanyin Janairu, iska na kaɗawa a kan ruwa, jiƙaƙƙiyar auduga mura ce kai-tsaye. Yadin roba kuwa kafin a gama baiti ɗaya ya bushe, illar sa ita ce riƙe warin zufa. A ganin mu, waɗanda za su tsaya a tudu a ba su auduga, masu shiga jirgi a ba su jesi. Ba dole ba ne kowa ya sa yadi ɗaya, in dai kala da tambari sun zo ɗaya.

Surfanin kwamfuta, wato monogiram, shi ne na manya. Ya fi kyau, ya fi daɗewa, ya fi tsada. A bar shi ga hula da 'yar ƙaramar alama a ƙirji.

Wani zai tambaya, tunda ga marina a Kura, ga ta Ƙofar Mata a birni, me zai hana a rina rigunan da shuni a taimaki na gida? Ra'ayi ne mai kyau, kuma farar rigar auduga na karɓar baba sosai. Don bikin fitowar fim ko rigar tunawa, ba abin da ya kai ta. Don shiga ruwa kuwa a'a. Shuni na zuba, wannan ma shi ne abin da Buzaye ke so a jikin turkuɗi, kuma ba ka son ya zuba a kan farin leshin jaruma a tsakiyar shutin.

Ƙugiya

Wannan ɗan gajeren abu ne amma ya na ɓata aiki. Yawancin salon haruffa masu ado da ke cikin kwamfutocin masu zane ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai mai zane ya sa harafi marar ƙugiya ya wuce, ko inji ya fito da ɗan akwati a gurbin sa. A takarda a iya gyarawa da biro. A riga hamsin fa? Ka ɗauka sunan fim ɗin ka Baƙin Ruwa, a ka buga maka Bakin Ruwa. Ko ka rubuta ƙura ta koma kura, kuma a garin Kura za a sa rigar. Kada furodusa ya yarda da hoton da a ka turo masa ta WhatsApp kawai. A buga guda ɗaya tukuna, a kawo, wanda ya iya ƙa'idar rubutu ya karanta, sannan a saki sauran.

Haka kuma a yi tunani kafin a sa sunan fim. Tun zamanin kaset, lokacin da Ƙofar Wambai ke tashe, 'yan fim ke kukan satar suna da satar labari. Riga talla ce mai ƙafa. In ba ka shirya duniya ta san sunan ba, sa na kamfani kawai. Hakan ma ya fi riba, domin rigar za ta yi maka aiki a fim na gaba.

Baƙi ko ruwan goro?

Ga inda ƙa'idar fim da ƙa'idar ruwa su ka yi karo. A ko'ina a duniya ma'aikatan bayan kyamara baƙaƙen kaya su ka fi sawa, kuma da dalili. Baƙi ba ya mayar da haske. Mutum mai jar riga in ya tsaya kusa da jaruma a cikin rana, sai ka ga gefen fuskar ta ya yi ja a hoto, mai tacewa ya rasa daga ina abin ya fito. Sannan inuwar mai farar riga na fitowa a gilashin mota, a tabarau, har a kan ruwa.

To amma a dam, baƙi shi ne mafi muni. Ga jan zafi, ga ɓacewa. Mutumin da ya faɗa ruwa da baƙar riga, ko shuɗiya, ko koriya, musamman da yamma lokacin da daraktoci su ka fi son ɗaukar waƙa saboda taushin haske, da ƙyar na tudu zai hango shi. Kalolin da ido ke kamawa a ruwa su ne ruwan goro mai ƙyalli da ruwan ɗorawa. Dalilin Faransawan can na ratsi kenan.

Mafita ba ta da wuya in a na so. Mutum biyu ko uku da ke dab da 'yan wasa su sa ruwan toka ko baƙi, amma da rigar kariya a kai. Sauran, musamman na jirgi na biyu da na bakin gaɓa, su sa mai haske. Ko kuma a yi rigar gaban ta duhu, kafaɗu da baya mai ƙyalli. Tela a Kano ba abin da ba zai haɗa maka ba.

Akwai kuma batun mata. Mai kwalliya, mai kula da sutura, masu girki, yawanci mata ne, kuma tishat mai kama jiki ba tasu ba ce, balle a ƙauye, balle ga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da tun kafa ta a 2001 ta ke sa ido kan shiga. Abin takaici, sau da yawa sai a yi odar riguna ba a tuna da su ba, a miƙa wa mace babba ta maza a ce ta yi maneji. Falmaran mai tambari da za a ɗora a kan hijabi ya raba gardama, ga aljihuna na zuba hoda da burushi. Sai dai mai dogon hijabi har ƙasa ta yi hattara a kwalekwale, domin yadi mai yawa in ya jiƙe nannaɗe ƙafa ya ke yi.

Amfanin ta a ƙauye

Wanda bai taɓa zuwa lokeshan a karkara ba ba zai gane yadda jama'a ke taruwa ba. Da an ce ga 'yan fim, kafin a kafa kyamara yara sun cika gaɓa, masu babura sun tsaya, masu ban-ruwa sun bar gona. A cikin wannan cinkoso riga iri ɗaya ce ke nuna wa furodakshan manaja waye nasa, waye ɗan kallo, waye ya kamata a gan shi riƙe da jakar batir. Kuma idan an je gaida dagaci ko mai unguwa neman izini, wanda wajibi ne, ko an je wajen ma'aikatan hukumar da ke gadin dam, ayarin da ya zo a kintse ya fi samun fuska.

Sai dai takobin kaifi biyu gare shi. Yaron da ya tattake wa manomi kunyar albasa, ko ya tsinki tumatir ba izini, ko ya yi wa 'yar mutane maganar banza, da sunan kamfanin ka a bayan sa ya yi. 'Yan fim sun sha baƙin jini a 2007 da shekarun da su ka biyo baya, ba su buƙatar ƙari. Duk wanda ka ba rigar ka, ka ba shi sunan ka ne aro.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: magudanan noman rani ba wurin wanka ba ne. Ruwan babban magudani na da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani, gefen sa siminti ne mai santsi. Sannan yankin sananne ne wajen likitoci da cutar tsargiya, wadda ƙwayar ta ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata. Daraktan da ya ce yaro ya tsunduma har ƙugu ya riƙe faifan haske, ya sani ba riga kaɗai zai jiƙa ba.

Riga ba ta zama ladan aiki

Dole mu faɗi wannan ko da wasu za su ji haushi. Akwai furodusoshin da za su kashe kuɗi a buga riguna masu kyau, a yi hotuna a watsa a Instagram da TikTok, a na gama aiki kuma yaron haske ya yi ta sintiri a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In ya yi magana a ce ai har riga an ba shi. Riga kayan aiki ce, kamar tirafod. Ba a cire kuɗin ta daga haƙƙin ma'aikaci, ba a kuma lissafa ta cikin alheri. Yanzu da finafinai masu dogon zango na YouTube da tashoshi irin su Arewa24 su ka maye gurbin kaset da faifai, ma'aikaci kan yi watanni a aiki ɗaya. Riga guda ba ta isa ba. Aƙalla biyu, ɗaya a jiki ɗaya a igiya.

Rigar da ba a yi wa oda

Ranar 10 ga Afrilu, 2024, jarumin finafinan Kudu Junior Pope ya rasu tare da wasu ma'aikatan fim a lokacin da jirgin su ya kife a kogi a Jihar Anambra, a kan hanyar lokeshan. Kafin rasuwar sa ya saki wani bidiyo da kowa ya gani, ya na cikin jirgi a guje, ba rigar kariya a jikin sa, ya na roƙon matuƙi ya sassauta. Ƙungiyar 'yan wasa ta Nijeriya, AGN, ta tsayar da shutin na kwana ɗaya, ta kuma dakatar da aiki a kan ruwa a lokacin. Waɗanda su ka tafi tare da shi ba taurari ba ne. Irin mutanen da mu ke magana a kai ne, masu sa rigar lokeshan.

Kada wani ya ce ai can kogi ne, mu dam gare mu, ruwan kwance. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, a nan Kano, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, ɗauke da mutanen Badau, yawancin su ɗaliban Islamiyya da za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 su ka rasu. Allah ya jiƙan su. Ruwan kwance ne shi ma, kuma lodi ne ya yi yawa.

Yanzu dubi yadda mu ke ɗaukar waƙa. Kwalekwalen masunci ne da a ka sassaƙa don mutum biyu da koma. A zuba masa jarumi, jaruma, mai kyamara, mai riƙe sifika. Sai darakta daga tudu ya ɗaga murya ya ce jarumi ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa. Miƙewa tsaye a ƙaramin jirgi ita ce hanya mafi sauri ta kifar da shi. Kuma nawa ne cikin 'yan wasan mu, 'yan birni, su ka iya iyo? Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe ta na nanata cewa kada a shiga jirgi ba rigar kariya, kada a yi lodi fiye da ƙima, kada a yi tafiyar dare.

An san uzurin: jaruma ba za ta yi waƙar soyayya da ƙatuwar riga ruwan goro a wuya ba. Gaskiya ne. Amma wannan uzurin na mutum biyu ne kacal, su ma na mintunan da kyamara ke juyawa. Sauran fa? Su ma 'yan wasan, a ajiye masu nasu a ƙasan jirgi inda hannu zai kai, a ɗauki fitowar a kusa da gaɓa inda gora ke taɓa ƙasa, mai kyamara ya san kusurwar da zai sa wurin ya zama kamar tsakiyar teku. Jirgi na biyu ya tsaya a gefe da masunta biyu da su ka san ruwan, aikin su kawai kallo. A nemi Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan wurin tun kafin ranar, shi ya san inda rami ya ke, inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye su ke, da lokacin da iska ke tasowa.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin a fili ya ke. Tishat mai sunan fim da fim ɗin ta ke mutuwa. Rigar kariya sau ɗaya a ke saye, ta yi fim goma, har a ba wasu haya. Kuma ita ma a na buga mata tambari a baya, in dai tallar ce damuwar. Sai dai a gaya wa mai shago kada ya sa ta a injin gashi, domin soson cikin ta narkewa ya ke yi. Fentin da ke bushewa da iska a ke sa mata, ko a ɗinka ƙyallen tambarin a kan yadin waje ba tare da an huda soson ba. MOPPAN da ƙungiyar furodusoshi na iya sayen ko da guda ashirin su ajiye a ofis, duk mai aikin ruwa ya sa hannu ya ɗauka.

Wajen ƙirga riguna kuma a sa da mai kwalekwale da yaron sa. Su ne a ke mantawa, alhali a ranar su ne manyan ma'aikata, ran kowa a hannun su ya ke bayan na Allah. Kuma su ne za su ci gaba da sa rigar a bakin dam da kasuwar kifi shekara da shekaru bayan an manta da fim ɗin. A ƙara huɗu ko biyar a kan lissafi, manya, domin kullum sai an samu wanda tasa ta yi masa kaɗan. Odar kuma a kai ta aƙalla mako guda kafin ranar tafiya, in kuwa kakar zaɓe ta gabato a ninka, don a lokacin ba mai buga riga a Kano da ke da lokacin ɗan fim.